Gefen Gonar da Ba a Girbewa

Idan kaka ta yi, aka ɗaure dami aka kwashe zuwa gida, ba nan take gona ke zama fayau ba. Akwai mutanen da sai a lokacin ne nasu aikin ke farawa. Za ka gan su da hantsi, galibi tsofaffin mata da ƙananan yara, kowa da ƙwarya ko tsohon buhun taki, suna bin kunya-kunya a duƙe. Su ne masu kala.

Kalan gyaɗa ya fi kowanne cin rai. Mai gona ya riga ya cire abinsa, ya tsige, ya tafi. Abin da ya rage sai 'ya'yan da suka tsinke suka maƙale cikin ƙasa. Tsohuwa za ta durƙusa, ta sari kunya da gefen fartanya a hankali don kada ta fasa kwanso, ta sa yatsu ta murtsuke ƙasar, ta tsinci biyu ko uku, ta hure ƙura, ta jefa a ƙwarya, sannan ta ja gwiwa gaba. Haka za a yi ta yi har la'asar. In an dace a koma gida da mudu ɗaya ko biyu, da ɓawonta. A gonar dawa ko gero zangarniyar da ta faɗi a bayan masu yanka ake bi. A fadamar shinkafa kuwa, wurin da aka yi bugu ake sharewa, a sheƙe, a raba tsaba da ƙasa.

Abin da ya daɗe yana jan hankalina shi ne ladabin da ke tattare da wannan aiki, wanda ba wanda ya rubuta shi amma kowa ya sani. Ba a shiga gona sai an kwashe dami. Ba a taɓa abin da aka tara, ko da ba kowa a wurin. In mai gona na nan, sai tsohuwa ta ce, "Sannu da aiki, Malam, an gama da nan?" Shi kuma ya ce, "An gama, Baba, ku shiga." Shi ke nan. Ba ta zube ta yi masa irin godiyar mabaraci ba, shi ma bai tafi gida yana jin ya yi wata bajinta ba. Ta san gonar tasa ce. Ya san ragowar tata ce.

Na kawo wannan ne saboda wata muhawara da ba ta ƙarewa a tsakaninmu Kirista, musamman matasan da suka yi karatu: wane tsari ne ya fi kusa da koyarwar Almasihu, jari-hujja ko gurguzu? Kowane ɓangare da ayarsa a hannu. Mai son gurguzu zai buɗe Ayyukan Manzanni, ya nuna maka yadda masu bi na farko a Urushalima suka riƙa sayar da gonaki da gidaje suna kawo kuɗin a raba, har ba a samun mai rashi a cikinsu. Ɗan'uwansa zai ce ya ƙara gaba kaɗan ya karanta labarin Hananiya da Safiratu, inda Bitrus ya nuna wa Hananiya cewa filin nasa ne kafin ya sayar, kuɗin ma na hannunsa ne bayan ya sayar, laifinsa ƙarya ce. Sai ya ɗora da misalin talanti, da gargaɗin Bulus ga Tasalonikawa game da mai ƙin aiki yana neman ci. Wannan gargaɗin na Bulus ma ba a bar wa ɓangare ɗaya ba, don Tarayyar Sobiyat ta ɗauke shi ta sa a kundin tsarin mulkinta na 1936. Na sha zama a irin wannan muhawara, kuma ban cika jin wani ya ambaci tsohuwar nan mai ƙwarya ba. A ganina kuwa a wurinta amsar take.

Dokar kala tana cikin Attaura, a Littafin Firistoci sura 19 da 23, da Maimaitawar Shari'a sura 24. An hana manomi girbe gonarsa har gefe. An hana shi komawa ya tsince abin da ya zube. In ya manta dami a gona, kada ya koma ɗauka. In ya kaɗe itacen zaitun sau ɗaya, kada ya sake bin rassan. Haka ma inabi. An kuma ambaci masu wannan rabo da suna: matalauci, baƙo, maraya da gwauruwa. Daga baya malaman Yahudawa suka ga wasu na barin ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sai suka yanke cewa gefen da za a bari kada ya gaza kashi ɗaya cikin 60 na gonar.

A duba wannan doka da kyau. Ba ta ƙwace gonar daga hannun mai ita ba. Shi ya share, ya shuka, ya yi noma da maimai, kuma kusan duk amfanin nasa ne, ya ci, ya sayar, ya tara a rumbu. Amma ba ta bar masa ikon zangarniya ta ƙarshe ba. Ba ta kuma ce ya girbe duka ya kai gida, sannan ya zaɓi wanda ya ga dama ya auna masa ba. Da haka ne, da sai mai kirkin gaisuwa ya samu, wanda suka yi cacar baki da shi bara ya rasa. Cewa ta yi ya ɗauke hannunsa kawai. Shi kuma matalaucin ba a ce ya zauna a inuwa a kawo masa ba. Sai ya duƙa ya sha rana, abin da ya kai gida guminsa ne, yana iya ɗaga kai ya ci. Ba jami'in da ke tsakani yana rubuta sunaye, ba layi, ba hoto. Dalilin da aka bayar kuwa shi ne su kansu masu gonakin jikokin bayi ne da suka sha wuya a Masar, kada su manta.

Littafin Rut gaba ɗayansa a kan wannan doka ya tsaya. Rut baƙuwa ce daga Mowab, gwauruwa, ta biyo surukarta Na'omi zuwa Baitalami a farkon girbin sha'ir, ba su da ko ƙwayar hatsi. Ta fita kala ta faɗa gonar Bo'aza. Abin da na fi so a labarin shi ne ƙananan abubuwan da Bo'aza ya lura da su. Ya gargaɗi samarinsa kada su taɓa ta, domin ya san abin da ke iya samun mace ita kaɗai a gonar mutane. Ya ce ta sha ruwa daga tulunan ma'aikata. Sannan a asirce ya ce wa masu girbi su riƙa zare zangarku daga dami suna yarwa da gangan, don ta tsinta ba tare da ta san an yi mata alfarma ba. Ta yi kala har yamma, ta sussuke, ta samu kusan mudun efa guda, wanda ake ƙiyasta ya kai lita 22. Wannan mai kalan ita ce ta haifi kakan Sarki Dawuda, kuma Matiyu ya sa sunanta a jerin kakannin Yesu. Duk Kiristan da ya kori mai kala daga gonarsa, ya san daga gidan da ta fito.

Maƙwabtanmu Musulmi ba baƙin wannan magana ba ne. Suna fitar da zakkar amfanin gona, ɗaya bisa goma ga noman damina, kuma a Suratul Ƙalam akwai labarin masu lambun da suka yi sammako don su girbe kafin miskinai su farga, suka tarar lambun ya halaka. Shi ya sa kala ya zauna daram a ƙasar nan, a ƙauyen da ke da majami'a da wanda ke da masallaci.

Akwai shari'u biyu a tarihin Turai da nake so mai karatu ya ajiye kusa da juna.

A ƙauyukan Ingila, ɗaruruwan shekaru, matan leburori na yin kalan alkama da sha'ir bayan girbi, kuma abin da suke samu na riƙe gida wani ɓangare na hunturu. A wurare da yawa ƙararrawar majami'a ake bugawa da safe kafin kowa ya shiga gona, a sake bugawa da yamma kowa ya fita, don kada mai ƙarfi ta riga mai goyo ko tsohuwa. Wato ikilisiya ce ke tsare lokacin. Amma a ƙarni na 18 manyan masu ƙasa suna ta killace filaye, noma na komawa harkar riba zalla. Wani manomi mai suna James Steel, a ƙauyen Timworth na yankin Suffolk, ya yi ƙarar wata mata, Mary Houghton, matar wani baduku, saboda ta shiga gonarsa kala. A 1788 babbar kotu a Landan, ƙarƙashin Lord Loughborough, ta ba shi gaskiya. Alƙali ɗaya ya saɓa, amma rinjaye ya ce a dokar ƙasa ba wanda ke da haƙƙin kala, domin ma'anar mallaka ita ce mai abu ya ci moriyarsa shi kaɗai. Dokar Musa kuwa, a ganinsu, nasiha ce ta addini, ba abin da kotu za ta tilasta ba. Mata ba su daina kala ba bayan wannan hukunci, amma daga ranar ya koma alfarmar da mai gona ke iya janyewa duk sa'ad da ya so.

Shekara 144 bayan haka, ranar 7 ga Agusta 1932, gwamnatin Stalin ta fitar da dokar kare dukiyar gurguzu. An riga an ƙwace gonaki an haɗe su sun zama na gama-kai, don haka duk ƙwayar da ke cikinsu ta hukuma ce. Hukuncin wanda ya ɗiba shi ne harbi, in an sassauta kuma ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Talakawa suka sa mata suna dokar zangarniya, domin da ita aka riƙa kama mata da tsofaffi da suka tsinci 'yan zangarkun alkama a gonar da aka riga aka girbe. An kafa hasumiyoyin gadi a gonaki, an sa har yara 'yan makaranta sintiri. An hukunta dubun-dubatar mutane. Wannan kuwa a tsakiyar yunwar 1932 zuwa 1933 ne, wadda ta kashe miliyoyi a Yukiren da Kazakistan da wasu sassan Rasha.

Ban daidaita su ba. Wadda aka kai kotu ta sha kaye ba ɗaya take da wadda aka harbe ba, kuma duk mai gaskiya zai yarda da haka. Amma tunanin da ke ƙarƙashinsu iri ɗaya ne: dole kowace zangarniya ta zama tana da mai ita a takarda, ko mutum ko hukuma, kada a bar komai a gefe. Ɗaya ya ce duka na mai gona ne, ɗaya ya ce duka na jama'a ne, kuma a duka biyun macen da ke duƙe da buhu ita ta zama mai laifi.

Idan aka bi koyarwar ikilisiya tun da daɗewa, za a ga a wannan gefen gonar take tsaye. Basil na Kaisariya, garin da yau ake kira Kayseri a Turkiyya, ya ga yunwa ta auka wa ƙasarsu wajen shekara ta 368, attajirai sun kulle rumbuna suna jiran farashi ya hau. Ya hau mumbari da misalin wawan mai arzikin da ya rushe rumbunansa don ya gina manya, ya gaya musu a fili cewa abincin da suka ɓoye na mayunwata ne, ya kuma sayar da abin da ya gada ya ciyar da mutane. Toma na Akwino, a ƙarni na 13, ya ce mallaka halal ce, domin mutum ya fi kula da abin da yake nasa, kuma rigima ta fi sauƙi idan kowa ya san iyakarsa, amma wajen amfani dole mai abu ya ɗauke shi kamar na kowa, har ma wanda yunwa za ta kashe in ya ɗauki abin ci ba a kira shi ɓarawo ba. A 1891 Paparoma Leo na 13 ya fitar da wasiƙarsa kan halin ma'aikata. Ya ƙi ra'ayin a soke mallaka, yana cewa talakan da ke tara 'yan kuɗinsa don ya sayi fili shi za a fara cuta. A cikin wasiƙar dai ya ce yardar lebura da ɗan ƙaramin lada ba ta halatta ladan ba in yunwa ce ta sa ya yarda, ya kuma goyi bayan ma'aikata su kafa ƙungiyoyinsu. Paparoma John Paul na biyu, wanda ya rayu a ƙarƙashin kwaminisanci a Poland ya kuma taimaka wajen faɗuwarsa, bai tsaya yi wa kasuwa kirari ba. Ya yarda kasuwa na da amfani, amma ya nace cewa kowace dukiya tana ɗauke da bashin al'umma a wuyanta.

An yi Kiristocin da suka karkata sosai zuwa gefe ɗaya, kuma da kyakkyawar niyya. Julius Nyerere na Tanzaniya, ɗan Katolika mai yawan ibada wanda ko abokan adawarsa ba su zarge shi da sata ba, ya kafa tsarin Ujamaa a 1967. Da manoma suka yi nawar komawa ƙauyukan gama-kai, sai aka kwashe miliyoyinsu da ƙarfi a tsakiyar shekarun 1970, noma ya ja baya. A ɗaya gefen kuma ga wa'azin da ya cika gidajen talabijin namu, mai cewa arziki shaidar bangaskiya ce. Mai wannan wa'azi ba shi da abin da zai gaya wa Rut, sai dai ya ce ta ƙara ba da baiko.

A gida yanzu kala na ƙanƙancewa, kuma ba wata doka aka yi ba. Komai ne ya samu farashi. Harawa kuɗi ce, karan dawa kuɗi ne, ƙaiƙayi da buntu ma akwai mai saye. Da, bayan girbi makiyayi na shigo da shanu su ci kara su bar taki, kowa ya amfana. Yau sau da yawa sai an yi ciniki. Na ji wani manomi na ce wa wasu mata a bakin gonarsa, "Ku yi haƙuri, na sayar da ita har da ƙasan." Nufinsa wani ya biya kuɗin duk abin da ya rage, zai kawo 'yan ƙodago su bi ta kunya-kunya. Bai ɗaga murya ba, bai zage su ba, su ma ba su yi musu ba. Suka juya da buhunansu a naɗe a hammata.

Ba zan ɗora wa ƙaramin manomi laifin duka ba. Yawancin masu gona a wurinmu ba Bo'aza ba ne. Mutum ne mai kadada ɗaya ko biyu, ya ci bashin taki, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin huɗa da na dako suka ninka masa, ɗan kasuwa na jiransa da kaka ya saye da arha. Ga ɓarayin amfanin gona da suka sa wasu kwana a gona da tocila. Wanda aka yi wa sata jiya, in ya hango mutum da buhu yau, ba lalle ya tsaya tambaya ba. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai dokar ba ta nemi rabin gona ba, gefe ta nema, kuma gefen babbar gona ya fi na ƙarama. Wanda nauyin ya fi hawa kansa shi ne mai ɗaruruwan kadada da injin girbi, wanda bayan injin ya wuce yake sa mai gadi, ko ya cinna wa ragowar wuta don ya yi saurin shiga noman rani, alhali ga mata tsaye a bakin hanya suna kallo. Mutanen nan da Attaura ta lissafa kuwa ba su taɓa yawa a ƙasar nan kamar yanzu ba. Rikici ya bar mana gwauraye da marayu a kowace ikilisiya da kowace unguwa, baƙon kuma shi ne ɗan gudun hijirar da ya baro tasa gonar ba don yana so ba.

Kala kuma bai tsaya a gona ba. Matan da ke share hatsin da ya zube inda ake sauke buhuna a kasuwa, kala suke yi. Yaron da ke bin bola yana tsintar ƙarfe da roba, kala yake yi. Mai shago da ya bar wa ɗan dako canji, da mai gidan haya da bai ƙara kuɗi ba bana don ya san halin da ake ciki ko da yake kasuwa ta ba shi dama, duk sun bar gefen gona. Wasu ƙasashe ma sun fara komawa ga abin da suka watsar. A Amurka wasu fastocin Methodist sun kafa ƙungiyar Society of St. Andrew a 1979, wadda ke tara masu sa kai su bi gonaki bayan girbi su kai wa mabukata. Faransa kuma a 2016 ta hana manyan kantuna lalatar da abincin da ba su sayar ba, ta wajabta musu ba da shi ga ƙungiyoyin agaji.

Muna yin godiyar kaka kowace shekara. Ana shigo da dami da buhuna da doya har gaban bagade, zumuntar mata na waƙa, a yi gwanjo, kuɗin ya tafi ginin majami'a. Ban ƙi wannan ba. Amma manomin da ya kawo buhu biyu gaban jama'a, bayan ya sayar da ragowar gonarsa har ƙasa ya sallami gwauraye hannu wofi, ya ba da abin da ya ga dama ne ya riƙe abin da aka umarce shi.

Roƙona ga fastoci da dattawan ikilisiya shi ne, kafin girbin bana su zauna da manomansu, musamman manya, a yarda cewa duk gonar da aka kwashe za a bar ta kwana biyu ko uku kafin a sayar da ragowa ko a sa wuta. A sanar da ranakun a majami'a, a aika wa mai unguwa da limamin masallaci su ma su sanar, a kuma sa wani dattijo ya riƙa leƙawa don kada a ci zarafin kowace mace. Wadda ta zo kada a tambaye ta addininta ko garinsu.